Saƙon Mai Zanzaro

Laraba, bayan la'asar

Ni ce na ce "to".

Ban faɗa wa kowa ba, ko Bara'atu da muke musayar littattafan soyayya ba ta sani ba. Yanzu ma da na rubuta sai da na waiga. Duk Gafasa ana cigiyar yarinyar da ta amsa sallamar mai zanzaro, wasu na cewa ƙarya yake, babu wata yarinya. Ga ta nan kuwa zaune a ɗakin Inna, ana zaton aikin makaranta take yi.

Bari in jera shi yadda ya faru, ko na samu in yi numfashi.

Iskar da ta zo da ruwan farko ta kwashe rufin gidaje da yawa a unguwarmu. Namu ma rabin kwanon ɗakin Inna a gonar Ɗayyabu aka tsince shi. Sai wata ƙungiyar 'yan kasuwa ta Gaya ta ce za ta taimaka da kwano, amma sai an duba rufin kowa tukuna. Suka turo wani saurayi, Uwais, da ɗan jirgin nan mai kyamara da ake tuƙawa daga ƙasa. Yara suka sa masa suna zanzaro saboda kukansa.

A garinmu kuwa ba a hawa sama haka kawai. Ko kafinta ne, ko mai sassabe reshen bishiya, sai ya tsaya ya ɗaga murya: "Za a hau sama, mata a suturta!" Don banɗakunanmu ba su da rufi, kuma tsakar gida ta mata ce.

Shekaranjiya Litinin da hantsi, Yaya Hafizu yana gona, Inna ta shiga barka maƙwabta, na ji sallama. Na je na laɓe bayan ƙofar zaure, na leƙa ta hudar ƙusa. Uwais ɗin ne, fari siriri, da shuɗiyar riga, yana ɗan ɗingishi. Ya ce, "Don Allah ƙanwata, shiga ki faɗa wa matan gida za a hau sama. Ba mutum ba ne, wannan abin ne, amma ido gare shi. A suturta. Zan ɗan jira."

Na ce, "To."

Na shigo. Anti Suwaiba, matar Yaya, tana zuba ruwa a bokiti za ta shiga wanka. Na wuce ta gefenta, har zanina ya taɓa bokitin. Ban ce komai ba. Ba mantawa na yi ba. Gani na yi in na faɗa, kowa zai shige ɗaki, ni ma dole in shige. Sai na buɗe akwati na ɗauko jan mayafina na Salla, na zizara kwalli, na fito na tsaya a tsakiyar gida na ɗaga kai.

Ai a littafi haka ake farawa. Kallo ɗaya yake yi mata daga saman bene, shi ke nan ya daina cin abinci.

Zanzaron ya taso. Har murmushi na yi masa.

Sai Anti ta ƙwala ihu daga banɗaki.

Alhamis, da hantsi

Jiya na kasa rubuta sauran. Yau ma ba duka zan rubuta ba.

Ta wannan hudar ƙusar na gani. 'Ya'yan Ɗayyabu ne suka harbo zanzaron da danƙo, ya faɗo jikin katangarmu yana ta karkarwa kamar kazar da aka yanka. Yaya ya taho a guje daga gona da fartanya a hannu, ban san wa ya kai masa labari ba, kuma ban san me aka ce masa ba. Kafin ya iso mutane sun cika layin.

Uwais bai gudu ba. A lokacin na ɗauka jarumta ce.

Ya ɗaga abin tuƙin sama da hannu biyu, yana cewa, "Na yi sallama! Wallahi na yi sallama! Ku tambayi yarinyar!"

Yaya ya ce, "Wace yarinyar, ɗan iska? Matata za ka leƙa?"

Da ƙotar fartanya ya fara, a kan hannun. Ƙarar kamar an karya rake. Daga nan ban iya bambance hannun wa da wa ba. Gora, bulo, takalmi. Na ga wani tsoho da ke ba mu alewa ranar Salla yana kai ƙafa. Shi kuma yana ƙasa ya dunƙule, bai daina cewa ku tambayi yarinyar ba, har maganar ta koma ba ta fita sai jini.

Tsakanina da shi bai fi tsawon tabarma ba, sai ƙofar langa-langa.

Malam Uthman na Islamiyyarmu ne ya ratso ya kwanta a kansa, hularsa ta faɗi aka tattake ta. Ya ce duk mai son ya ƙara duka ya fara da shi. Sai suka koma kan babur ɗin da ya zo da shi suka cinna masa wuta.

Inna ta zuba toka a kan dakali. Har yanzu in ka duba da kyau ana ganin jinin.

Alhamis, bayan magariba

Ƙofar gida har yanzu warin taya take.

Asabar, da safe

Yaya ya tara mu a tsakar gida, ni da Inna da Anti da yaran Hanne maƙwabciyarmu da ke yawan shigowa. Ya ce mutumin yana can asibiti a Gaya yana ta rantsuwa wata yarinya ta amsa masa daga gidan nan. Ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya, suna kuka suna cewa ba su ba ne. Da ya zo kaina na ji fitsari ya kama ni. Na girgiza kai kawai.

Sai ya yi dariya. Ya ce, "Wannan? Zulfa da ko akuya ta yi sallama sai ta shige ƙarƙashin gado? Kun ga ƙaryarsa ta fito."

Kowa ya yarda. Kunyar da ake yi mini gori a kanta tun ina ƙarama, yau ita ce ta rantse mini.

Tun rasuwar Baba, Yaya ne gidan. Ba mugu ba ne kullum. Shi ya saya mini jan mayafin ma. Amma bara da ya kama ni da littafin soyayya a cikin jakar Islamiyya ya mare ni, kunnena na hagu har yau in ana ruwa sai ya riƙa yi mini ƙara. Wannan a kan littafi ne kawai.

Litinin, bayan azahar

An ce hoton Anti yana yawo a wayoyi. Wa ya gani? Kowa sai ya ce wani ne ya gaya masa wanda ya gani. Zanzaron dai Yaya ya daka shi da taɓarya tun ranar, ya watsa a masai, ba wanda ya san abin da ke cikinsa ko babu.

Hanne ta leƙo ta katanga ta ce, "Amarya, an ce har Kano an san ki yanzu, sai ki fara karɓar kuɗin kallo." Ta yi dariya ita kaɗai. Anti ba ta ɗago ba, ta ci gaba da tankaɗe.

Talata

Anti Suwaiba ta faɗi a bakin rijiya. Haka Inna ta ce mu ce.

Rijiyar tamu ba ta da yatsu biyar.

Laraba, ana ruwa

Ƙungiyar ta ce ba ita ba unguwarmu. Sauran unguwanni an fara sauke musu kwano. Mu leda muka ɗaura, ruwa ya tara mata ciki ya fashe a kan gadon Inna. Mun jera kwanuka da tukwane, kowanne da irin kukansa.

Kunnena yana ƙara. Zzz, kamar abin yana sama.

Na ɗauko littafin da Bara'atu ta ara mini, na kai inda saurayin ya hango ta tana shanya a tsakar gida. Na rufe. Na sake buɗewa, na sake rufewa.

Ranar kasuwar Ajingi, da magariba

An kawo Yaya a bayan a-kori-kura, rigarsa ta rine da jini.

Ya kai gyaɗa kasuwa, wasu samari suka tare shi wajen tasha. An ce abokan Uwais ne daga Gaya, an ce ba su ba ne, 'yan tasha ne kawai da suka ji labari. Suka tambaye shi, "Kai ne mai fartanya?" Suka sare shi a ka da wani ƙarfe. 'Yan garinmu da ke wurin suka tashi, aka kife tiren masu tsire, aka farfasa gilashin motar Kano guda biyu. Wani yaro mai sayar da ruwa da bai san hawa ba bai san sauka ba, an ce idonsa ɗaya ba lallai ya dawo ba.

Ni na riƙe kwanon da Inna ke matse tsumma a ciki. Ruwan ya yi ja, na zubar, na kawo wani, ya yi ja. Yaya yana ta cewa, "Wallahi sai na ƙarasa shi. Ko a gadon asibiti ne sai na ƙarasa shi." Inna tana cewa, "Yi shiru Hafizu, yi shiru ɗan nan."

Ya kalle ni ya ce, "Ke kaɗai ce ba ki taɓa jawo mini magana ba, Zulfa."

Kwanon ya kusa suɓuce mini.

Juma'a, bayan an sauko

Na mayar wa Bara'atu littafinta. Ta ce, "Har kin gama? To ya kika ga inda ya tsare ta a ƙofar makaranta?" Na ce ban kai nan ba. Ta ce, "Ke lafiyarki? Kin rame kamar wadda aka yi wa kishiya." Ta matso ta rage murya, "Amma tsakani da Allah mai zanzaron nan yana da kyau, ko? Ashe ɗan iska ne. Haka kyawawan suke."

Na ce ba ɗan iska ba ne.

Ta ce, "Ke kika sani?"

Na ce rana ta yi, Inna na jirana.

Lahadi, da la'asar

Yau wata mata ta zo, doguwa da baƙin hijabi, ta yi sallama har tsakar gida. Ta ce sunanta Muslima, ita ce yayar Uwais. Inna ta miƙe tsaye, Anti ta shige ɗaki. Allah ya sa Yaya ya tafi wankin ciwo.

Ta ce, "Ba faɗa ya kawo ni ba, Inna. Ruwa ma in kin ba ni zan sha."

Ni aka sa na kawo ruwan.

Ta ce Uwais da can kafinta ne, rufi yake bugawa. Ya faɗo daga saman wani bene a Gaya, ƙugunsa ya goce, shi ne ɗingishin. Da ya ga ba zai ƙara hawa ba, ya sayar da filin gadonsa ya sayi jirgin ya koyi tuƙa shi, don dai kada ya rabu da rufi, shi ne abin da ya iya. Ta ce, "Kafinta ne fa, Inna. Tun yana yaro yake kiran za a hau sama. Ya za a yi ya manta?"

Ashe ɗingishin ne ya sa bai gudu ba.

Ta ce yatsu uku na hannun dama ba za su ƙara lanƙwasuwa ba. Ta ce ranar Alhamis za a zauna a zauren dagaci, da Malam Uthman da dattawan ɓangare biyu. In ba a samu wanda ya ji sallamarsa ba, za a miƙa shi ga hukuma a matsayin mai ɗaukar hoton matan mutane, kuma ko an sake shi, wa zai ƙara barin sa kusa da gidansa?

Inna ta ce, "To ya faɗi kamannin yarinyar mana."

Ta ce, "Bai gan ta ba. Ya ce kansa na ƙasa, gidan mutane ne. Murya kawai ya ji a bayan ƙofa, ta ce to. Da jirgin ya tashi ma, ya ce shi kwano yake dubawa, bai lura da kowa a tsakar gida ba sai ihu da ya ji."

Bai lura da kowa ba.

Da za ta tafi ta miƙo mini kofin ta ce, "Na gode 'yan mata. Ya sunanki?" Na buɗe baki, na tuna murya ce kaɗai abin da ya sani. Inna ta ce, "Zulfa'u. Ba ta magana, haka take."

Lahadi, bayan magariba

Jan mayafi, da kwalli, da murmushi. Ko gani bai yi ba.

Litinin, da hantsi

Na gwada. Muna tsince shinkafa da Inna, na ce, "Inna, ranar nan da kika shiga barka..."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Zulfa'u."

Na mayar da kaina kan tiren.

Ta ce, "Namiji ɗaya gare ni, mace ɗaya. In aka ce mutumin nan ya yi sallama, ɗana ya zama wanda ya nakasa bawan Allah a banza, gonar ubanku ba za ta biya diyya ba. Ke kuma kin san hannunsa. Duk abin da ke bakinki, sa ruwa ki haɗiye."

Ta ture mini tiren ta ce akwai sauran tsakuwa.

Ashe ta sani. Tun yaushe?

Talata, bayan azahar

Anti Suwaiba za ta tafi gidansu Toranke. An ce hutawa za ta je yi. Wanda zai je hutu ba ya naɗe labule.

Na shiga taya ta haɗa kaya. Da can in na shigo ɗakinta sai ta ce, "Ga uwar soyayya, yau wa ya mutu a littafin?" In ce ba kowa, ta ce to kawo in ji inda suka haɗu. Ita kaɗai ce a gidan nan ba ta taɓa yi mini dariyar mugunta ba. Yau leɓenta a kumbure yake, maganar da gefe ɗaya take fita.

Tana ninke zani ta ce, "Jan mayafin nan ya yi miki kyau ranar."

Na ajiye kayan da ke hannuna.

Ta ce, "Na gan ki ta tsagar ƙofar banɗaki kafin in tuɓe. Na ce yau kuma uwar soyayya wa ta yi wa kwalliya da hantsi, tana kallon sama kamar mai duban wata? Har ina shirin tsokanarki in na fito."

Na durƙusa na kama ƙafarta. Na ce Anti ki yafe mini. Ban san ma da ƙarfi na faɗa ba.

Ta ce, "Tashi, kar ya ji." Ta zauna bakin gado. "Kullum sai ya tambaye ni, kin ji an yi kira kika ƙi fita? Kin san shi ne? In ce ban ji ba, ya ce ƙarya nake. In na ce ke ce, zai bar ni ya koma kanki, kuma ke ba ki da Toranken da za ki tafi."

Na ce to me zan yi?

Ta ce, "Oho. Ni ba ni aka ba wa saƙo ba."

Da mai babur ya zo ba ta yi mini sallama ba. Amma ta bar mini turarenta a kan taga.

Laraba, da safe

Murya ba za ta yi ba. Na san kaina. In na tsaya gaban dattawa, kai kawai zan girgiza, su ce Allah sarki, kunya.

Na yage takarda daga tsakiyar littafin nan. Sau da yawa na rubuta wasiƙa a raina, duk da "ya kai sanyin idanuna" suke farawa. Wannan ta farko ce da za ta je hannun wani, ga abin da ke ciki:

"Assalamu alaikum Malam. Ni ce Zulfa'u ƙanwar Hafizu, 'yar ajinka. Uwais ya yi sallama, ya ce in faɗa wa mata za a hau sama. Ni na amsa, na ce to, ban faɗa ba. Anti Suwaiba ba ta ji komai ba. In ana so in rantse zan rantse. Don Allah Malam, in za a karanta, a bar ni in zauna a cikin gidanka wajen matarka."

Ban rubuta dalili ba. In sun tambaya, ban san me zan ce ba. Wataƙila in kai musu mayafin.

Laraba, bayan azahar

Na sa ta a murhu, na ciro ta kafin ta kama. Gefe ɗaya ya ɗan yi baƙi.

Yaya yana zaure yana wasa adda. Ya ce ta sassabe ce.

Alhamis, da hantsi

Yau ne. Bayan azahar za su zauna.

Ina shara ɗazu sai na ji kafinta a gidan Hanne, sun gaji da jira sun sayi tsohon kwano. Ya buga guduma a jikin tsani ya ce, "Za a hau sama, mata a suturta!"

Inna tana bakin murhu ba ɗankwali, ba ta ji ba. Ban san lokacin da na ce, "Inna! An ce za a hau sama!" ba. Da ƙarfi, har kaji suka watse. Inna ta juyo tana kallona kamar baƙuwa. Yaya ya leƙo daga zaure da ɗaurin kansa ya ce, "A'a, ashe kina da murya?"

Na ce, "Ina da ita, Yaya."

Inna ta ja ɗankwali ta rufe kai, ba ta ƙara kallona ba.

Takardar tana cikin jakar Islamiyya, inda nake ɓoye littattafai da. Ta zaure zan bi, ta gabansa, ta kan dakalin. Gidan Malam Uthman ba nisa. Zan yi sallama, in ya fito in ba shi a hannunsa, ba zan ba yaro ya kai ba.

Na san abin da ake yi da saƙo in an ba yarinya.